Yadda ake kallon tsuntsayen ruwa a tafkunan bakin tekun Ghana

Daga watan Satumba, in ka tsaya a kan hanyar bakin teku da ta haɗa Accra da Tema ka dubi tafkin Sakumono, za ka hangi wasu 'yan tsuntsaye masu ruwan toka sun duƙufa suna caccakar taɓo. Mai wucewa a mota ba zai kula da su ba. Amma da yawansu a Saiberiya ko arewacin Turai aka ƙyanƙyashe su wata biyu ko uku da suka wuce, suka biyo gaɓar tekun Atlantika, suka ratsa Muritaniya da Senegal, har suka sauka nan. Za su zauna har Maris ko Afrilu kafin su koma. Wanda yake son ya gan su da kyau, har ya iya bambance wannan da wancan, aikinsa na farko shi ne ya san halin ruwan wurin, domin ruwa ne yake gaya wa tsuntsun inda zai tsaya da lokacin da zai ci abinci.

Ghana tana da dausayi biyar a bakin teku da aka sanya cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayin duniya a 1992: Keta, wanda shi ne tafki mafi girma, da Songor kusa da Ada, da Sakumono, da bakin kogin Densu a yammacin Accra, da Muni-Pomadze a Winneba. Ga mazaunin Nima ko Madina ko Ashaiman, Sakumono da Densu su ne mafi kusa, ana zuwa a dawo kafin azahar. Sai dai Sakumono ya sha wahala: gine-gine sun ci gefensa, ƙazantaccen ruwa yana kwarara ciki, ciyawa ta rufe wasu wuraren da a da taɓo ne fili. Har yanzu yana da tsuntsaye, amma wanda ya samu halin zuwa Songor ko Keta zai ga abin da ya fi. Can yamma kuma, rairayin Esiama sun yi suna wajen wani ɗan farin tsuntsu mai tsere da igiyar ruwa, wanda ake kira Sanderling.

Ka fara da ruwa

Teku yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin awa 24 da minti 50. Wato tsakanin cikowa da janyewa akwai kusan awa 6 da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. In yau ruwa ya cika da ƙarfe 8 na safe, gobe sai wajen tara saura minti goma. Ana samun jadawalin wannan a intanet. Ka nemi na Tema in kana yankin Accra, na Takoradi in kana yamma. Wanda yake bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: ruwa ya fi cika, ya kuma fi janyewa, a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata, da kwana ɗaya ko biyu bayansu. A wajen 7 da 22 ga wata motsin ruwan kaɗan ne.

A gaɓar Ghana bambancin cikowa da janyewa bai kai mita 2 ba, amma a shimfiɗaɗɗen taɓo taƙi ɗaya na ruwa yana iya rufe fili mai faɗi. In ka je ruwa ya janye sarai, tsuntsaye sun bazu can nesa, sai ɗigo-ɗigo kake gani. Dabarar ita ce ka isa awa biyu kafin ruwa ya cika, ka zaɓi wuri a busasshiyar ƙasa, ka zauna. Ruwan da yake tahowa shi zai koro maka su, taki-taki, suna ci suna matsowa, har wanda yake mita 200 ɗazu ya zo mita 30 daga gare ka. Da ruwa ya cika sai su tashi su koma wurin hutu: tudun yashi, ko ganuwar gonakin gishiri, ko wani ɗan tsibiri. Awa ɗaya zuwa biyu bayan nan, da taɓo ya fara bayyana, za su dawo da yunwa, kuma wannan ma lokaci ne mai kyau.

Wannan lissafi yana aiki ne a bakin kogi da tafkin da bakinsa yake buɗe ga teku. Tafkunan da yashi ya toshe bakinsu, kamar Muni a yawancin shekara, ba ruwansu da jadawali. Su damina da rani ne ke juya su. Bayan ruwan sama tafki yana cika har gefe, babu taɓo, sai zalɓe da agwagi. Da rani ya kama, ruwa ya fara ja da baya, sai gefen ya buɗe. Mafi yawan masu caccakar taɓo suna son ruwan da bai wuce santimita 5 zuwa 10 ba, ƙananansu ma jiƙaƙƙen taɓo kawai suke nema. In ya bushe ya tsattsage, sun tafi. Don haka kafin ka kashe kuɗin mota, ka tambayi wanda yake kusa yadda ruwan yake a makon. Haka gonakin gishiri na Densu da Songor: kwamin da aka rage wa ruwa jiya yana iya tara ɗaruruwa, na kusa da shi babu ko ɗaya.

Rana kuma ka sa ta a bayanka. Da safe ka tsaya gabas da ruwa, da yamma ka tsaya yamma da shi. In ka fuskance ta, ruwa zai riƙa ƙyalli, kowane tsuntsu ya zama baƙar inuwa. A Accra rana tana fitowa wajen ƙarfe 6. Daga nan zuwa 9 da rabi shi ne lokacin aiki. Bayan haka zafi yana tashi daga taɓo, iska ta riƙa rawa a cikin madubin hangen nesa, kome tsadarsa. A Disamba da Janairu hazon hunturu yana saukowa har teku, ya dushe launi. A irin ranar sai ka dogara da siffa.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 10x42 ya isa. Lambar farko ita ce ninkin kusantarwa, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai 8 ya fi faɗin gani kuma bai cika rawa a hannu ba. Mai 10 ya fi kawo na nesa, abin da yake da amfani a buɗaɗɗen tafki. Ka guji masu lamba 20 ko 30 da ake sayarwa a bakin titi, da masu jan gilashi: hannu ba ya iya riƙe su tsaye, haskensu kuma kaɗan ne. Ka nemi wanda ruwa ba ya shiga, domin laimar bakin teku tana sa fumfuna ta tsiro cikin gilashi, kuma in ta tsiro gyaranta da wuya.

Mutane da yawa suna fama da ciwon kai don ba su daidaita madubin da idonsu ba. Ka lanƙwasa shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya ƙafar tsakiya, wato abin murzawa da yake tsakanin idanun biyu, har wani rubutu mai nisa ya fito sarai a idon hagu. Sannan ka rufe na hagu, kada ka taɓa ƙafar tsakiya, ka juya ɗan zoben da yake jikin idon dama har rubutun ya fito. Shi ke nan, ka lura da inda zoben ya tsaya. Mai sa tabarau ya murɗe robar idon ƙasa. In za ka ɗaga madubi, ka kafa idonka a kan tsuntsun, ka kawo madubin ga ido. In ka sunkuya ka dubi madubin, ka ɓatar da shi.

Babban madubi mai ido ɗaya, wanda ake kafawa a kan ƙafa uku, mai kusantarwa 20 zuwa 60, shi ne sarkin wannan aiki, amma yana da tsada. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta sayi ɗaya. Ka fara nema da 20, ka ƙara in ka samu tsuntsun; sama da 40 da rana tsaka sai dishi-dishi. In iskar teku tana girgiza shi, ka rage tsawon ƙafafun ka zauna, ko ka rataya jaka a tsakiya. Sauran kaya: ɗan littafi da fensir, domin biro yana zuba in takarda ta jiƙe, littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma mai zane, malafa, ruwan sha lita 2, tufafi masu ruwan ƙasa ko toka. Farar riga tana kore tsuntsu tun daga nesa.

Yadda ake gane su

A nan ne sabon shiga yake karaya. Tsuntsayen suna zuwa mana ne da tufafin rani, sun zubar da ja da baƙin da suke yi a ƙasar haihuwarsu, kusan dukkansu toka a sama, fari a ƙasa. In ka ce launi za ka bi, za ka rufe littafi ka koma gida. Ka bi abu huɗu a jere: girma, baki, ƙafa, sai yadda yake cin abinci.

Girma ka auna shi da abin da ka sani: gwara, kurciya, tattabara, budurwar kaza. Ka kuma auna shi da maƙwabcinsa, domin nisa yana ruɗin ido. Baki ka gwada shi da kan tsuntsun: ya gaza tsawon kai, ya yi daidai, ko ya ninka? A miƙe yake, ko ya lanƙwasa ƙasa, ko ya ɗan ɗaga sama? Launin ƙafa yana taimako, amma taɓo yana shafe shi. Jar ƙafa tana iya zama baƙa har sai tsuntsun ya shiga ruwa ya fito.

Yadda suke ci ya raba su gida biyu tun daga nesa. Akwai masu farauta da ido, dangin zakaran ƙeƙuwa: gajeren baki, babban ido, su ruga, su tsaya cak, su sunkuya su tsinta, su sake rugawa. A cikinsu wanda za ka fi gani shi ne mai baƙar sarƙa ɗaya a ƙirji da ƙafa ruwan lemo, wanda littafi ke kira Ringed Plover. Babbansu, Grey Plover, yana tsayawa shi kaɗai kamar mai tunani, kuma in ya tashi za ka ga baƙin tabo a hammatarsa. Wannan alama ta yanke gardama. Gida na biyu masu lalube ne da baki, kai a ƙasa kullum, suna soka baki cikin taɓo kamar allurar keken ɗinki.

A cikin masu lalube, ka fara haddace guda biyu, ka mai da su ma'auni. Little Stint ɗan mitsitsi ne, santimita 12 zuwa 14, bai kai gwara ba, baƙar ƙafa, gajeren baki a miƙe, ba ya hutawa. Curlew Sandpiper ya fi shi, ya kusa kurciya, bakinsa dogo mai ɗan lanƙwasa ƙasa, yana shiga ruwa har ciki, in ya tashi gindin wutsiyarsa fari fat. Su biyun suna cakuɗa a garke ɗaya. Da ka san su, duk wanda ya fita daban zai tsone maka ido.

Sanderling shi ne na rairayi: fari-fari, yana bin igiyar ruwa in ta koma, ya juyo a guje in ta taho, ƙafafunsa ba a ganinsu don sauri. Common Sandpiper yana tafe yana kaɗa gindi sama da ƙasa, farin cikinsa ya hau gaban kafaɗa kamar ƙugiya, in ya tashi sai ya bi saman ruwa da fukafukai a sandare suna karkarwa. Greenshank kamar tattabara ne a kan dogayen ƙafafu masu ɗan kore, bakinsa ya ɗan ɗaga sama, kukansa fito uku ne a jere, kuma shi ne yake fara tona asirinka in ka matso. Akwai wani mai kama da shi amma siriri, da baki kamar allura, Marsh Sandpiper. Kaurin baki ne yake raba su. Whimbrel ya kai budurwar kaza, baki ya lanƙwasa ƙasa, da ratsi biyu masu duhu a ka, yana son kaguwa a gindin itatuwan da suke tsiro cikin ruwan gishiri. Mai dogayen jajayen ƙafafu kamar kara, baƙin baya da farin ciki, Black-winged Stilt, ba ya ɓata wa kowa lokaci.

Agwagin bakin teku ba su da yawan iri. Kirinjijiya ce babba a cikinsu: farar fuska, dogon wuya, tsayuwa a miƙe, da fiton nan nata mai gaɓa uku da ake ji tun kafin a gan ta. Da rana tana hutawa a gefen ciyawa, da magariba take tashi kiwo, don haka asuba da yamma ne lokacinta. Agwagin Turai masu ƙaura, irin su Garganey mai farar gira, ba su cika sauka teku ba. Dausayin Sahel suke tsayawa, Hadeja da Nguru, Tafkin Chadi, da fadamun kogin Neja a Mali. Wanda ya koyi aikin nan a Dagona ko Baturiya, cikin dausayin Hadeja da Nguru, ya riga ya san rabin tsuntsayen. Abin da zai ƙara a teku shi ne lissafin cikowar ruwa da masu son gishiri.

Fararen dangin balbela suna ruɗarwa. Balbelar shanu gajera ce mai rawayan baki. Wadda take cikin ruwa, siririya, baƙin baki, baƙar ƙafa da rawayan yatsu, wata ce daban. Akwai kuma ta bakin teku, mai launin gawayi da farin maƙogwaro, wadda wani lokaci takan fito fara. In ka ga wani baƙin tsuntsu ya haɗa fukafukansa a kan kansa kamar lema, ya tsaya, ya buɗe, ya taka gaba ya sake, ka ajiye littafi ka kalla: inuwa yake yi wa ƙananan kifi su taru ya kama. Masu shawagi suna faɗawa ruwa kuma, farare masu tsagaggiyar wutsiya, su sai ka same su a zaune a tudun yashi ka duba baki ɗaya bayan ɗaya: babban baki ruwan lemo, ko baƙi mai rawayan tsini. A cikinsu akwai Roseate Tern, wanda yawancin na Turai a gaɓar Ghana suke cin rani. Yara sun daɗe suna kama su da tarko a bakin teku, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka kafa shirin ceton tsuntsayen gaɓa a tsakiyar shekarun 1980, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta.

In tsuntsu ya gagare ka, kada ka yi masa suna da ƙarfi. Ka rubuta abin da ka gani tun yana gabanka, kafin ka buɗe littafi, domin zanen littafi yana shiga ido ya canja abin da ka tuna. Ka ɗora kyamarar waya a idon madubi ka ɗauki hoto, ko da dishi-dishi ne. Ka jira ya tashi: ratsin fiffike da launin gindin wutsiya sukan warware abin da tsayuwa ta ɓoye.

Ƙidaya

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, in an horar da shi. Garken da bai kai 100 ba, ka ƙirga ɗaya-ɗaya. In ya fi haka, ka ƙirga 10 a gefe ɗaya, ka ga faɗin da suka ci, ka riƙa aza wannan faɗi a kan sauran. In dubbai ne, ka yi da 50 ko 100. Kuskuren da aka fi yi shi ne ragewa, domin tsakiyar garke ta fi gefe cunkoso kuma na gaba suna rufe na baya. Ka fara da jimillar garken duka, saboda shaho yana iya tayar da su kowane lokaci, sannan ka koma iri-iri. Mutum biyu su ƙirga kowa daban su gwada. In sun yi nisa da juna a sake. A gida ka horar da ido da tsabar dawa: ka watsa a faranti, ka ƙiyasta cikin daƙiƙa uku, sannan ka ƙirga.

Ka rubuta rana, lokacin farawa da gamawa, wuri, yanayin ruwa, da adadin kowane iri. In babu, ka rubuta babu. Ana shigar da wannan a eBird ko BirdLasser, manhajojin da ake tara bayanan tsuntsaye a cikinsu. Kowane Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967 kuma Wetlands International ke haɗa ta. A Ghana ka tuntuɓi Ghana Wildlife Society ko sashen namun daji na hukumar gandun daji, a Najeriya kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Ka duba ƙafafu kuma. Wasu suna ɗauke da zobba masu launi ko 'yar tuta mai harafi da masu bincike suka sa musu. Ka rubuta ƙafar hagu daga sama zuwa ƙasa, sannan ta dama, ka nuna wanne yake sama da gwiwa, wanne ƙasa. Hagun tsuntsun ake nufi, ba hagunka ba. Nan ake yawan ɓata rahoto.

Ladabin wuri da tsaron kai

Tsuntsun da zai yi tafiyar dubban kilomita yana tara kitse ne a wannan taɓo, kuma duk tashin da ka sa ya yi, daga guzurinsa ka ɗiba. Ya fi muni a wurin hutu lokacin da ruwa ya cika, domin ba su da wani wurin sauka, sai su yi ta zagaye a sama. In ka ga sun daina ci, sun ɗaga kai, sun fara tafiya suna ba ka baya, ka wuce iyaka: ka tsaya, ka durƙusa, ko ka ja da baya. Kada ka tunkare su kai tsaye, ka bi ta gefe a hankali, kada kuma ka tsaya a saman ganuwa inda sama take bayanka. Mota maɓoya ce mai kyau, sun fi yarda da ita a kan mutum a tsaye.

Tafkunan nan suna da masu su. Akwai masunta, da masu gishiri, da sarakunan gargajiya masu ranakun da aka hana shiga ruwa. Ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka shiga gonar gishiri, kada ka juya madubi ko kyamara ga mutane ko wuraren bautarsu. A Accra da Tema masunta ba sa fita teku ranar Talata, don haka bakin ruwa ya fi shiru a ranar.

Taɓo mai sheƙi, mai laushi kamar kunu, yana iya haɗiye mutum har cinya. Ka taka inda ciyawa take ko inda sawun mutane ya bi, ka riƙe sanda, kada ka tafi kai kaɗai, ka kuma riƙa waiwaye in ruwa yana cikowa, domin yakan cika kwaroron da yake bayanka kafin ya iso gabanka. Ruwan daɗi mai kwanciya a gefen tafki yana iya ɗauke da tsargiya, sai da takalmin roba. In ka tarar da matattun tsuntsaye da yawa, ko wani yana juya wuya ya kasa tashi, kada ka taɓa. Murar tsuntsaye ce ta kashe kwasa-kwasa kusan 750 a dausayin Djoudj na Senegal a Janairun 2021. Ka ɗauki hoto daga nesa ka sanar da jami'an dabbobi.

Da ka koma gida, ka kula da madubi tun kafin ka zauna. Iskar teku tana barin gishiri da yashi a gilashi, kuma in ka goge da bakin riga sai ka karce shi. Ka fara hure yashin, ka share da lallausan buroshi, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa mai tsabta, daga tsakiya zuwa gefe. Ka bar shi ya sha iska a inuwa, ka ajiye shi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin takalmi. Ƙafafun babban madubi kuma ka zare su duka, ka wanke da ruwan famfo, ka shanya kafin ka naɗe.